Yadda Ƙaramin Mai Kiwo Zai Zaɓi Tunkiyar da Ta Dace da Gidansa

Kafin mutum ya nufi kara ranar kasuwa, a Maigatari ne ko a Potiskum, ya kamata ya fara duba yawan harawa da dusar da ya tanada, domin abincin da ke hannunsa shi zai nuna masa irin tunkiyar da zai iya riƙewa har damina ta faɗi.

Balami, wadda aka fi sani a yankin Borno, ita ce mafi girma a tumakinmu: fara sol, mai lanƙwasasshen hanci da manyan kunnuwa a rataye. Ragonta yana da daraja lokacin layya, amma cinta yana da yawa, kuma wanda ya ɗauke ta ba tare da tanadin harawar wake da anguryar auduga ba zai gan ta tana ramewa tun kafin bazara ta yi nisa. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, dabbar tafiya ce da Fulani suka saba kaiwa kiwo mai nisa. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya fara da 'Yankasa, wadda ake ganewa da baƙin tabo a kewayen ido da baki da kunne, saboda tana jure ƙarancin abinci kuma kuɗinta bai kai na sauran ba.

Idan an tsaya a kan dabba, kada a wadatu da yabon dillali. A buɗe bakinta: manyan haƙora biyu a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa suna nuna ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato daidai lokacin fara haihuwa. A janye fatar idonta ta ƙasa, domin idan cikin ya yi fari maimakon ja, galibi tsutsar ciki ce ta shanye mata jini. A duba majina a hanci da alamar zawo a gindi, sannan a shafa hantsa a tabbatar babu ƙullutu.

Da an iso gida, a ɗaure ta daban a inuwa na tsawon mako 3, a ba ta maganin tsutsa, a nemi malamin dabbobi ya yi mata rigakafin cutar PPR, wato annobar da ke kama tumaki da awaki, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa. Cikin tunkiya kimanin kwana 150 ne, saboda haka barbarar da aka yi a watan Mayu za ta kawo haihuwa da kaka, lokacin da harawa ta wadata.