Kurakuran da aka fi yi wajen sauka a ƙaramin otal na cikin unguwa

Ƙananan otal-otal ɗin nan masu ado na musamman, waɗanda ɗakunansu kan kama daga goma zuwa ɗari, suna da daɗin zama ƙwarai ga wanda ya san yadda suke tafiyar da aikinsu. Da yawansu tsofaffin gidaje ne ko ofisoshi aka gyara, ma'aikatansu kuma 'yan kaɗan ne. Yawancin ɓacin ran da baƙi ke samu a cikinsu daga abu ɗaya yake fitowa: mutum ya zo da tunanin babban otal, inda kowane ɗaki yake daidai da ɗan'uwansa kuma kullum akwai mai tsaron teburin karɓar baƙi. A nan ba haka lamarin yake ba.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne kama ɗaki saboda hoto. A ginin da aka gyara, bango yana nan inda magina na farko suka sa shi, don haka ɗakuna biyu masu suna ɗaya da farashi ɗaya na iya bambanta sosai. Ɗaya yana da manyan tagogi biyu, ɗayan kuma yana ƙarƙashin rufi, da silin mai gangare wanda dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya kai bakin gado. Hoton da aka sa a intanet na ɗakin da ya fi kyau ne, an kuma ɗauke shi da kyamara mai faɗaɗa wuri. Abin dubawa shi ne girman ɗakin da aka rubuta. Murabba'in mita 12 zuwa 14 zai ishi mutum ɗaya, amma mutum biyu da manyan akwatuna biyu za su rasa inda za su buɗe su. Daga 18 zuwa sama ne ake samun sukuni. Haka gado: wanda ake kira na mutum biyu sau da yawa faɗinsa santimita 140 ne kawai, manya su ne masu 160 ko 180. Idan gadaje biyu dabam-dabam kake so, ka nema tun wuri, domin irin wannan ɗakin ba kasafai yake da yawa a ƙaramin otal ba.

Akwai kuma maganar banɗaki, wadda mutane ba sa tunawa da ita sai sun shiga. Masu tsara irin waɗannan wurare suna son bangon gilashi, wani lokaci ma kwamin wanka a tsakiyar ɗaki yake, ko ƙofar banɗakin labule ne kawai. Ga wanda ya sauka shi kaɗai babu komai. Ga wanda zai kwana da abokin aiki, ko da yaro mai wayo, abin takura ne babba. Ka ƙura wa hotunan banɗakin ido, in ba su nuna ƙofa ba, ka tambaya.

Maganin duk wannan saƙo ɗaya ne kafin ka biya. Ga misalin yadda za a tsara shi: «Barka da aiki. Ina so in kama ɗaki na kwana uku, mu biyu ne. Don Allah wane hawa ɗakin yake, kuma akwai lif? Tagarsa titi take kallo ko tsakar gida? Banɗakin yana da ƙofa mai rufewa? Zan iso wajen ƙarfe 11 na dare, yaya zan shiga? Na gode.» A ƙaramin otal, wanda zai amsa maka ya san kowane ɗaki da idonsa, wani lokaci ma mai wurin ne da kansa. Yadda aka amsa, da saurin amsar, su ma suna nuna maka irin kulawar da za ka tarar.

Tambayar lif ba ƙarama ba ce. Tsofaffin gine-gine da dama ba su da shi, ko kuma wanda ke akwai bai wuce mutum biyu ba, matakalar kuma matsattsiya ce mai lanƙwasa. Hawa da akwati mai kilo 23 zuwa hawa na huɗu a irin wannan matakala wahala ce, balle ga dattijo ko mai ciwon gwiwa. A lura kuma cewa ƙidayar hawa ta bambanta: a yawancin ƙasashen Turai «hawa na ɗaya» yana saman na ƙasa ne, a Amurka kuwa na ƙasan shi ne na ɗaya.

Sai hayaniya. Unguwar da ke da rai, mai gidajen cin abinci da shaguna, ita ce ke jawo mutane, kuma ita ce ke hana su barci. Ɗakin da ke kallon titi ya fi haske, amma shi ke shan hirar masu fita dare da ƙarar motar kwasar shara da asuba. Ɗakin da ke saman mashaya ko kicin ɗin otal ɗin ya fi kowanne damuwa, domin ƙarar ta cikin ƙasan ɗakin take hawowa, rufe taga ba ya maganinta. Mai saurin farkawa ya nemi ɗakin baya, a hawa na sama. Wajen karanta sharhin baƙi kuma, a jera shi daga mafi sabo, a fi mai da hankali ga masu matsakaicin maki. Su ne ke faɗin aibi ba tare da fushi ba. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci ƙara a cikin 'yan watanni, to akwai ta.

Isowa cikin dare ba tare da sanarwa ba ya bar matafiya da yawa a bakin ƙofa. Ba kowane ƙaramin otal ne ke da ma'aikaci awa 24 ba. Wasu suna tashi da ƙarfe 8 ko 10 na dare, su bar makulli a ɗan akwati mai lambar sirri, su turo lambar ta imel ko saƙon waya. Ka ɗauki hoton saƙon tun kana da intanet, ka rubuta lambar wayar gaggawa a takarda, ka kuma tabbata wayarka na da caji. Isowa da sassafe ma tana da nata cikas: ana ba da ɗaki yawanci daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, ana fita da 11 ko 12, kuma otal mai ɗakuna goma sha biyar ba shi da rarar ɗakin da zai ba ka kafin a gama shara. Ajiye kaya kam kusan ko'ina suna yi idan an nema.

Mai zuwa da mota ya tambayi wurin ajiyewa kafin ya taso. Sau da yawa babu, sai garejin haya da ke nesa. A tsakiyar tsofaffin biranen Italiya, alal misali, akwai yankunan da aka taƙaita shigar motoci, da kyamarori masu ɗaukar lamba, kuma sai otal ya yi wa lambar motarka rajista kafin ka tsira daga tara.

A ɓangaren kuɗi kurakurai uku ne ke maimaituwa. Na farko, zaɓar farashin da ba a mayar da kuɗinsa don ya ɗan fi sauƙi, alhali tafiyar ba ta tabbata ba. Ƙaramin otal ba ya iya yafe ɗakin da aka fasa kamar yadda babba zai yi. Na biyu, ba da katin cirar kuɗi don ajiyar jingina. Otal kan riƙe wani adadi saboda ko za a yi ɓarna, kuma a irin wannan katin kuɗinka ne na hannu ake ɗaurewa, bankin kuma na iya ɗaukar kwanaki ko ma makonni kafin ya sake su. Katin bashi ya fi dacewa da wannan. Na uku, amincewa na'urar biyan kuɗi ta canza maka lissafin zuwa kuɗin ƙasarku. Canjin nata ya fi tsada, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki. Kwatanta farashin manhajoji irin su Booking.com da na shafin otal ɗin kansa ma yana da amfani, tunda otal na biyan su la'ada, kuma yakan saka wa wanda ya kama kai tsaye da ragi ko ɗaki mafi kyau.

Wani abin da muke so kowa ya kiyaye: 'yan damfara kan kutsa asusun ƙananan otal-otal, su turo saƙo ta cikin manhajar kanta cewa za a soke ɗakinka in ba ka sake shigar da bayanan katinka a wani adireshi ba. Kada ka danna. Kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsu.

Da ka shiga ɗaki, kafin ka kwance kaya, ba shi minti biyar. Buɗe ruwan zafi ka ga ko yana zuwa, kunna na'urar sanyaya ɗaki, ja ruwan masai, gwada makullin ƙofa da taga, ka dubi taswirar hanyar fita idan gobara ta tashi, wadda ke manne a bayan ƙofa. A wasu gine-gine na'urar sanyayawar guda ɗaya ce ga ginin gaba ɗaya, ana juya ta ga ɗumamawa ko sanyayawa gwargwadon lokacin shekara, don haka maɓallin ɗakinka ba zai canza komai ba, sai dai a kawo maka fanka. Inda ake zura katin ƙofa a bango kafin wuta ta kawo, cire shi yakan kashe soket, wayar da ka bari a caji ba za ta cika ba.

Duk abin da ka gani, faɗe shi nan take, cikin ladabi. Mutane da yawa suna yin shiru har ranar tafiya, sannan su zuba fushinsu a sharhi. Da yamma ta farko akwai yiwuwar a canza maka ɗaki. Idan sauran baƙi suka iso, ɗakunan sun ƙare.

Karin kumallo a nan lokacinsa gajere ne, wasu wuraren ma sai an yi oda tun daren jiya. Ranar fita kuma, nemi lissafinka tun da dare idan da asuba za ka tashi, domin ƙila babu kowa a teburin. Duba ko an sa harajin baƙi na birnin, wanda a wurare da yawa ake karɓa dabam bisa yawan mutane da kwanaki, ka karɓi rasit, ka kuma nemi a soke kuɗin jinginar a gabanka.