Yadda sabon DJ zai samo kiɗan hadko na koyon haɗi

Wanda ya fara koyon haɗa kiɗa yakan ɗauka yawan waƙoƙi ne zai mai da shi gwani, sai ya cika kwamfuta da dubban fayiloli waɗanda ko rabinsu bai taɓa saurara ba. A kiɗan rawa mai zafi da ake kira hadko (hardcore a Turance), wannan ɓata lokaci ne kawai. Abin da kake buƙata da farko bai wuce waƙoƙi ashirin zuwa talatin ba, masu gudu kusa da juna, cikakku, masu sauti garau. Wahalar tana wajen zaɓo su.

Fara da tsayar da reshe ɗaya, domin hadko rassa gare shi da yawa, kuma ba gudunsu ɗaya ba. Ana auna gudun kiɗa da yawan bugu a minti ɗaya, shi ne BPM da za ka riƙa gani kusa da sunan kowace waƙa. Akwai gabber, wanda ya yi tashe a birnin Rotadam na ƙasar Holan a farkon shekarun 1990, inda Paul Elstak ya kafa kamfanin Rotterdam Records a 1992. Alamarsa ita ce dukan gangar na'urar Roland TR-909 da aka ƙure wa ƙara har ta yi kaushi. Akwai happy hardcore da UK hardcore na Birtaniya, masu fiyano da muryoyi masu zaƙi, suna gudu wajejen 170. Frenchcore yana kai wa 200, uptempo kuma yana zarce haka. Hardstyle, wanda mutane da yawa ke gwamutsawa da hadko, yana tsayawa ne wajejen 150 zuwa 155.

Dalilin tsayawa a reshe ɗaya yana jikin na'urar da kake haɗa kiɗa da ita. Makunnin ƙara gudu ko rage shi yakan tsaya a kashi 6, 8 ko 10 cikin ɗari. Waƙa mai 170 idan ka ja ta da kashi 8 ba za ta wuce 184 ba, don haka da wuya ta yi tafiya da mai 200 ba tare da ka lalata mata murya ba. A ganina mai koyo ya zauna tsakanin 165 da 180. A gudun 170, zangon bugu 32 yana ɗaukar daƙiƙa 11 da 'yan kai, a 200 kuwa ko daƙiƙa 10 bai cika ba. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma hannun da bai saba ba yana jin sa sosai.

Daga nan sai sauraro, kuma kada ka yi gaggawar sayen komai. Nemi cikakkun wasannin manyan DJ na reshen da ka zaɓa a YouTube ko SoundCloud, musamman na bukukuwa irin su Thunderdome, wanda aka fara a Holan a 1992, da Masters of Hardcore da Dominator. Wajen bincike ka haɗa kalmar hardcore da gabber ko techno ko sunan reshen. In ka rubuta ta ita kaɗai, za a kawo maka kiɗan jita na 'yan punk, har da abubuwan da ba ka so idonka ya gani. Duk waƙar da ta kama ka, rubuta mintin da ta shigo, sannan ka duba shafin 1001Tracklists, inda masoya kiɗa ke jera sunayen waƙoƙin da aka saka a kowane wasa. Manhajar gane waƙa ta Shazam ma tana taimakawa, sai dai takan rikice idan waƙa biyu suna tafiya tare ko an ƙara wa kiɗan gudu. Ka lura da waƙoƙin da DJ ya jera a jere, domin ya riga ya gwada maka cewa suna shiga juna.

In ka samu suna ɗaya, bi sawun kamfanin da ya fitar da ita. Wannan ita ce hanyar da ta fi ba da amfani, kuma sababbin shiga sukan yi watsi da ita. Kowane kamfani yana da irin sautin da aka san shi da shi: Mokum Records na Amstadam, Neophyte Records, Traxtorm na Italiya, Industrial Strength wanda Lenny Dee ya kafa a Niyok a 1991. Shafin Discogs zai nuna maka duk abin da kamfani ya fitar da shekarar kowanne, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin kamfani ɗaya na shekaru makusanta galibi gangarsu iri ɗaya ce, gudunsu ma haka, shi ya sa suke da sauƙin haɗi.

Wajen saye akwai Beatport, inda za ka iya tace waƙoƙi da BPM, da Bandcamp, inda kuɗinka ya fi isa hannun mawaƙin kai tsaye, da Hardtunes wanda ya ƙware a kan hadko. A SoundCloud kuma matasan makaɗa da yawa suna sakin waƙoƙinsu kyauta da izininsu. Wanda bai shirya saye ba yana iya biyan kuɗin wata na Beatport ko SoundCloud Go+ ya kunna waƙoƙi daga cikin manhajar DJ, amma ya sani ranar da ya daina biya sun tafi.

Abu biyu za ka duba kafin ka sauke. Na ɗaya, ɗauki doguwar sigar, wadda aka rubuta wa Extended Mix ko Original Mix, ka bar Radio Edit. Doguwar ce ke da buɗewa da rufewa na ganga zalla, kuma a nan ake shigo da waƙa ta gaba. Saurari minti na farko da na ƙarshe kafin ka biya. In gangar tana sauya salo duk bayan 'yan daƙiƙu, kamar yadda aka saba a uptempo na yanzu, ajiye ta sai hannunka ya faɗa. Na biyu, ingancin fayil: MP3 mai 320 kbps, ko WAV, AIFF, FLAC. Abin da aka tsamo daga bidiyo ya riga ya yi asarar sauti, ga hakkin mai shi da aka take. Hadko dama kaushi ne jikinsa, to idan fayil ɗin ya lalace, a babbar lasifika sai ya koma hayaniya mai huda kunne. In kana shakkar wani fayil, buɗe shi a manhajar Spek, kyauta ce. Idan hoton sautin ya yanke ƙat a wajejen 16 kHz, an matse shi da yawa, ko me aka rubuta a jikinsa.

Yanzu zuba su cikin manhajarka, Rekordbox ce ko Serato ko Traktor ko VirtualDJ, ko Mixxx wadda ba a biyan ko sisi. Bar ta ta auna su, amma ka bi bayanta. Manhajoji sukan raba gudun hadko biyu, ka ga waƙa mai 170 an rubuta mata 85. Ninka shi, ko ka ɗaga iyakar awon BPM a saiti ka sake aunawa. Duba kuma ko layukan awon sun zauna daidai kan dukan gangar, musamman a tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga faifai, don su sukan ɗan goce. Sa alama a bugun farko na kowace waƙa, da inda kiɗan yake lafawa, da inda rufewa take farawa.

Sai ka ɗauki biyu kacal masu BPM ɗaya. Saki ta biyu a farkon zango, kana ƙirga takwas sau huɗu, ka rage mata kauri a makunnin bas, sannan ka yi musayar bas ɗin tsakanin waƙoƙin biyu a daidai bugun farko na zango na gaba. Kada ka bar gangunan biyu su yi ƙara tare da cikakken ƙarfi, domin gangar hadko tana da nata amo, biyu in sun ci karo sai su dagule. Naɗi abin da ka yi, ka saurara washegari da kunne mai hutu. Waƙar da ta ƙi shiga da kowace a cikin tarinka, mayar da ita wata folda daban, ka koma jerin kamfanin ka ɗauko wata a madadinta.