Masu awon fili da RTK, kada ku yarda da Fixed na farko

'Yan uwa masu safiyo, ga wata dabara da ta cece ni daga maimaita aiki da RTK, wato awon GPS mai daidaito na santimita, wanda na'urar hannunka ke karɓar gyara daga wata tasha da aka kafa a wuri guda.

Idan na'urarka ta nuna Fixed (alamar cewa ta gama lissafi ta tabbatar da matsayi) a bakin muhimmin turke, ɗauki awon. Sai ka kifar da eriyar ƙasa har siginar ta yanke. Miƙe ta, jira ta sake kamawa, ka sake aunawa. In sakamakon biyu sun yi daidai cikin santimita 2 ko 3, ka wuce.

Ga dalili. Tsawon zangon siginar L1 ta GPS kusan santimita 19 ne. Na'urar tana auna guntun zango na ƙarshe daidai, amma yawan cikakkun zangunan da ke tsakaninta da tauraron ɗan'adam, lissafi take yi ta zaɓo. Kusa da rufin kwano, katanga ko ƙarƙashin darbejiya, siginar kan bugi abu ta dawo, sai ta zaɓi lambar da ba ita ba, kuma ta rubuta maka Fixed hankali kwance. Na taɓa kafa turke haka, ya shiga gonar maƙwabci da kusan taku guda. Kunyar ranar har yau ina jin ta.

Amma wani lokaci kuskuren yakan maimaita kansa idan ka sake awon nan take. A wuri mai cunkoso, dawo bayan minti 30, taurarin sun sauya matsayi.

Dabarar ba ta taimakawa idan ka yi nisa da tasharka fiye da kilomita 20, ko bayan magariba, lokacin da sararin samaniyar yankinmu ke hargitsa sigina. Aikin bayan magariba bar shi sai da safe.