Motar da za ta kai ka aiki da wuri, ta kuma ɗauki karnukanka: yadda ake zaɓenta

Galibin mutane in za su sayi mota gaba suke fara zuwa, a buɗe bonet a leƙa inji, a taka totur a ji ƙara, a zauna a kujerar direba a murɗa sitiyari. To kai mai kare ba haka za ka yi ba, baya za ka fara zagayawa ka ce a buɗe maka but. In bayan bai yi ba to magana ta ƙare, ko da kuwa injin jirgi ne a cikinta.

Ina magana ne da irin mutumin da yake zaune a Kubwa ko Mararaba ko Zuba kullum sai ya shiga cikin Abuja aiki, ko mai zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna, sannan yana da karnuka biyu ko uku, na gadi ne ko na farauta ko na gona, da dole lokaci-lokaci a kai su wajen likitan dabbobi ko a tafi da su gona ranar Asabar. Kuɗin mota biyu babu, guda ɗaya ce za ta yi duka, kuma shi ba ya son matacciyar mota wadda in ka zo wuce tirela sai ka haɗa da addu'a.

Kafin ka je wajen dillali auna karenka. Da gaske nake, ka samo tef ɗin tela ka auna shi a tsaye daga ƙasa zuwa saman kai, da kuma daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka rubuta a waya. Karen gida irin namu na farauta ba shi da nauyi sosai, siriri ne, ko'ina ka sa shi zai lanƙwashe ya kwanta. Amma German Shepherd namiji yana kaiwa kilo 30 zuwa 40, Boerboel kuwa ya kan haura kilo 60, wannan ai nauyin babban mutum ne. Irin wannan karen yana buƙatar inda zai tsaya ba tare da kansa ya bugi rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Tef ɗin nan ka tafi da shi wajen sayen motar ka auna but ɗin, kuma tsayin da za ka auna na daidai bakin ƙofa ne, ba na can ciki kusa da kujera ba, don motoci da yawa rufinsu gangarowa yake ta baya. Honda Crosstour kenan, mota mai kyau mai ƙarfi, injinta na V6, wato mai fulogi shida, lafiya lau, amma bayanta a zube yake, kana rufe ƙofa gilas zai danne kan babban kare. Ga masu ƙananan karnuka ba laifi.

Salun kuwa ka cire ta a lissafi gaba ɗaya, Camry ce ko Accord ko C-Class. But ɗin salun a rufe yake ruf, ba iska ba esi, sa kare a ciki zalunci ne kuma a zafinmu kisa ne. In ka ce kujerar baya za ka sa shi to ka shirya wa gashi da yawu da ƙasa a inda iyalinka za su zauna da kayan sallarsu. Malamai sun yi saɓani a kan yawun kare, malikiyya suna da sassauci, shafi'iyya sun ce najasa ne, amma ko wace fatawa ka bi uwargida ba za ta yarda ta zauna inda kare ya dalalar da yawu ba, kai ma ka sani. Shi ya sa kake son mota mai ƙofa biyar, wagon ko ƙaramar jif, wadda kare yana da ɓangarensa mutane suna da nasu, iskar esi kuma tana kaiwa ga kowa.

Sai maganar gudu, don nan ne samari suke ruɗewa. Dokar 'yan Road Safety ga motar gida kilomita 100 ne a awa a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Motar da aka rubuta 260 a agogonta ba inda za ka kai ta, ga ramuka ga shingen bincike ga masu keke napep. Abin da kake nema shi ne jan mota daga 60 zuwa 100, wato ka taka ta amsa nan take, ka wuce tirela ka koma hannunka kafin na gaba ya iso, da esi a kunne da kaya a baya. Wannan shi ne gudun da yake da amfani a hanyar Kaduna zuwa Zariya, kuma inji mai fulogi shida ya fi ba da shi cikin kwanciyar hankali.

Ni in aka ce in zaɓa, RAV4 mai fulogi shida zan ɗauka, ta 2006 zuwa 2012. Mutane da yawa ba su ma san akwai ta ba, sun saba da mai fulogi huɗu. Injin lita 3.5 ne a cikinta mai ƙarfin doki 269, irin dangin injin da ke cikin Camry V6 da Lexus RX350 da Highlander, an ɗora shi a ƙaramin jiki, tana tashi daga tsaye zuwa 100 a ƙasa da daƙiƙa 7, wallahi ba wanda zai kalle ta a fakin ya yi zaton haka. Bayanta kuma a tsaye yake kamar akwati, ƙasan but ɗin bai yi sama ba tunda safaya taya a jikin ƙofa take ta waje, kare zai yi tsalle ya shiga ba wahala, wanda ya tsufa ma ɗan tallafi kaɗan zai buƙata. Aibinta ƙofar bayan gefe take buɗewa ba sama ba, in wani ya matse ka a fakin ba za ta buɗu sosai ba, sannan cikinta ba wani ƙawa, roba ce ko'ina. Ga mai kare roba ai alheri ce, tsumma da ruwa sun gama.

Venza ta 2009 zuwa 2015 ita ce ta biyu, V6 ɗinta doki 268, akwai kuma mai lita 2.7 fulogi huɗu mai doki 182 wadda ba ta da wannan kuzarin. Ta fi RAV4 daɗin zama da faɗi, akwai ƙofar esi a baya, in aikinka na shiga ofis ne da manyan kaya ta fi fitar da kai kunya. Sai dai V6 ɗin da taya mai rim 20 take zuwa, tayar da tsada kuma ba ta son rami, kuma gilashin bayanta ya ɗan kwanta, don haka kar ka manta da tef ɗinka.

In aljihu bai kai nan ba to Pontiac Vibe ko 'yar uwarta Toyota Matrix. Kar sunan Pontiac ya tsorata ka duk da kamfanin ya rufe tun 2010, Vibe Toyota ce aka sauya wa riga, a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Kalifoniya aka haɗa ta, injin Corolla ne mai lita 1.8 a ciki, ba bakaniken da bai san shi ba. Ta 2003 zuwa 2008 ƙasan but ɗinta roba ce mai tauri ba kafet ba, kuma gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai ba sai ka ɗaga ƙofar duka ba, za ka iya miƙa wa kare ruwa ko ka ɗaura masa igiya bai samu hanyar dirowa titi ba. Amma fa robar tana da santsi, sai ka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, in ba haka ba duk birkin da ka taka kare zai zame ya bugu. Gudu kuwa gaskiya ba ta kai waɗancan ba, doki wajen 130 ne, sai dai in ka dace da Vibe GT ko Matrix XRS na farkon fitowa masu doki 180, su kuma galibi giyar hannu ce mai shida, a gosulon Nyanya ƙafarka ta hagu za ta gaya maka. Ta 2009 da 2010 akwai mai lita 2.4, tana da ja, amma injin nan an san shi da shan baƙin mai, a dinga duba shi.

Mai karnuka uku ko huɗu manya ya daina wahalar da kansa ya nemi Sienna, daga 2007 injin 3.5 ne a ciki mai doki 266, ƙasa-ƙasa take, ƙofofin gefe ja ake yi, esin baya daban, ka kwantar da kujerun ƙarshe ka jera keji biyu. Za a ce ka zama direban haya, to sai me.

Na Jamus fa? Golf GTI da GLK350 da su Audi A4 wagon duk sun fi daɗin tuƙi, wannan ba gardama. GTI fitowa ta biyar doki 200 ce da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, tana shiga kwana kamar an ɗaure ta da kwalta, amma ƙasa take sosai, hanyar gona da damina ba tata ba ce, but ɗin kare ɗaya matsakaici zai ɗauka, kuma giyabos ɗinta na otomatik da ake kira DSG yana son a sauya masa mai duk kilomita dubu 60 da ainihin man da aka ce, ba kowane gareji ne zai taɓa shi ya bar shi lafiya ba. GLK bayanta a tsaye yake, ta dace da kare, sai dai kuɗin gyara. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, in abu ya lalace ranar Talata zan samu kayansa a Apo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa in fita aiki ranar Laraba? Ga Toyota amsar e ce kusan kullum. Motar zuwa aiki da ta kwana uku a gareji tana jiran kaya daga Legas ta daina zama motar zuwa aiki.

Yanzu mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba mai sayen V6 ido rufe. Yi lissafinka da biro: a ce tsakanin gidanka da ofis kilomita 25 ne, zuwa da dawowa 50, kwana 22 a wata ya zama kilomita 1,100. RAV4 V6 a takarda tana yin wajen kilomita 8 a lita a cikin gari, kenan kusan lita 140 a wata, Vibe mai 1.8 tana yin 10 zuwa 11, lita ɗari da 'yan kai. A gosulo da esi duka biyun za su sha fiye da haka. Ka ninka bambancin da kuɗin lita na yau ka ga ko albashi zai ɗauka. In hanyarka buɗaɗɗiya ce irin ta Kubwa da sassafe bambancin ba ya da yawa, in kuwa rabin tafiyarka a tsaye kake yi a Mararaba to doki 269 ɗin nan zaune suke suna cin abinci ba aiki. Kuma masu cewa za su mayar da ita gas, ku tuna tukunyar CNG a but ake ɗaure ta, daidai inda karen zai kwanta.

Ranar duba mota ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. A sa mata kwamfuta, a duba kayan ƙasa da shokazoba, a duba takardun kwastan da lambar shasi. A V6 ɗin Toyota na shekarun farko akwai wani bututun baƙin mai da ke da roba a tsakiya wanda yake fashewa ya zubar da mai gaba ɗaya, daga baya kamfanin ya koma na ƙarfe zalla, ka ce a duba wanne ne a jiki, in na roba ne a canza, ba shi da tsada. A duba famfon ruwa ko yana yoyo. Esi kuwa kar ka gwada shi a inuwa, ka bar motar a rana da azahar, ka kunna, ka zagaya ka shiga but ɗin da kanka ka zauna minti biyar, abin da ka ji shi karenka zai ji. Kare ba ya gumi ta fata irin namu, da haki yake fitar da zafi, masu gajeren hanci da masu gashi da yawa irin Caucasian sun fi saurin galabaita, kuma a watan Maris zuwa Mayu da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, mota a rufe a rana mintoci kaɗan ne take zama tanda. Kar ka bar shi a ciki ka ce bari in shiga banki in fito, ko ka sauke gilas kaɗan ba ya hanawa. Ka duba robar bakin ƙofar but ma da salansa, in robar ta mutu hayaƙi ta nan yake shigowa, kuma wanda yake baya shi zai fara shaƙa. Don haka ma ba a tafiya da but a buɗe wai don kare ya sha iska.

Bayan ka saya akwai 'yan abubuwa da za ka ƙara. Ka je wajen mai walda ya yi maka ragar ƙarfe tsakanin kujerar baya da but, a ɗaure ta da noti sosai ba a jingina ba, ko ka sayi keji daidai girman karen ka ɗaure shi a ƙugiyoyin da ke ƙasan but. Kare sake a mota haɗari ne, ka taka birki da ƙarfi kilo 40 ya taso daga baya ya sauka a wuyan wanda ke gaba, ko ya tsorata ya faɗo maka a cinya kana tsakiyar wuce tirela. In dole sai a kujera to da ɗamarar ƙirji za ka ɗaure shi a jikin bel, ba da igiyar wuya ba, kuma ba a kujerar gaba ba saboda jakar iska. Ka kulle makunnin gilasan baya, suna takawa da ƙafa gilas ya sauka. Kujerar fata ta fi ta yadi sauƙin gogewa, yadi yana riƙe gashi da wari, kaska da ƙuma ma suna samun maɓoya, sai dai farce yana yaga fata, a rufe ta da mayafi mai kauri.

A ajiye galan ɗin ruwa da kwano a motar kullum, da katin rigakafin ciwon haukan kare a cikin aljihun gaba tare da takardun mota. Kar a cika masa ciki dab da tafiya, a ba shi abinci awa biyu ko uku kafin a tashi, in ba haka ba amai za ka wanke. Wanda bai saba mota ba a fara da shi a tsaye inji a kashe, gobe a kunna, jibi a zagaya unguwa a dawo, kuma kar ya zama duk ranar da ya shiga mota wajen allura za a kai shi, zai gane, ranar da kake sauri ranar zai turje a bakin but. In doguwar tafiya ce duk bayan awa biyu a tsaya a inuwa nesa da kwalta, a ɗaura masa igiya tun ƙofa ba ta gama buɗewa ba, sannan a sauke shi ya sha ruwa ya zaga.