Rigar Filo Daga Ragowar Atamfa, Ba Zif Ba Maɓalli

Tun shigowar hunturu nake saƙa wa jikata rigar sanyi, yanzu saura hannu ɗaya. Ranar da yatsuna suka gaji da kwarashi da zaren ulu, sai in jawo buhun ƙyallaye in hau keken ɗinki. A haka filolin kujerun falona guda shida suka samu riga, ban sayi ko yadi ɗaya ba.

Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da wuya tela ya cinye shi duka. Ki riƙa karɓo ragowarki. Ni telana yana Kasuwar Barci a Tudun Wadan Kaduna, ya riga ya san halina, a leda yake ƙulle mini su.

Kafin almakashi ya taɓa ƙyallen, ki wanke shi, ki shanya a inuwa, ki goge. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba. Rigar farko da na ɗinka ban wanke ba, bayan wanki ɗaya filon ya ƙi shiga, har yau abin yana min ciwo don ragowar ankon bikin ƙanwata ce.

In filonki inci 16 ne kowane ɓangare, ki yanka ƙyalle mai faɗin inci 17, tsawon inci 38. Gajerun bakunan nan biyu ki kalmashe su, rabin inci sau biyu, ki danne da dutsen guga, sannan ki bi da keke. Gugar nan kada ki tsallake ta, ita ke sa ɗinki ya miƙe.

Sai ki shimfiɗa shi fuskar atamfar tana kallonki. Ki naɗo bakin dama da na hagu zuwa tsakiya har ɗaya ya hau kan ɗaya da inci 4. Ki sa tef ki auna, ki ga 16 cif. Ki kama da fil, ki ɗinke sama da ƙasa, kina barin rabin inci a gefe. Daidai inda bakunan suka haɗu ki maimaita ɗinkin sau biyu ko uku, don nan ne yara ke fara farkewa in suna jan filo.

Ki ɗan datse kusurwoyin huɗu ba tare da kin taɓa zare ba, ki juya rigar, ki turo kusurwa da gindin cokali. Mara keke ma za ta iya da allurar hannu, ta dai ninka zaren biyu, ta yi ɗinkin ƙanana ƙanana.