Yadda Ake Koya wa Yara Sau Mai Lambobi da Yawa

Yaron da ya haddace jadawalin sau har gidan 12 amma ya kasa 47 sau 38, ba hadda ce ta gaza masa ba. Gurbin lamba ne bai zauna masa ba: yana ganin 4 ɗin da ke cikin 47 a matsayin huɗu, alhali arba'in ce. Daga nan gyara zai fara, ko a ajin firamare ko a kan tabarma a zaure.

A samo karan dawa, wanda bayan kaka ba ya wuya a ƙauyukan Daura, a yayyanka guntu-guntu, a ɗaure goma-goma da kyauro. A ba yaro ɗauri 2 da kara 3, wato 23, a ce ya jera irinsu sau 4. Zai ga ɗauri 8 da kara 12, ya ɗaure goma daga cikin 12 ya mayar da ita gidan gomomi, ya sami 92. Wannan ɗaurin shi ne abin da ake "riƙewa" a rubutu. Kada a yi gaggawar wuce wannan mataki, ko da zai ci mako guda.

Sai a shiga farfasawa, irin ta 'yan kasuwa. Mai sayar da ƙwai a Babbar Kasuwar Katsina ya san kiret ɗaya ƙwai 30 ne; in aka ce kiret 47, zai ce arba'in 1,200, bakwai 210, duka 1,410, ba tare da biro ba. Don 47 sau 38, a zana akwati mai gida huɗu a allo, a sa 40 da 7 a sama, 30 da 8 a gefe. A cike: 1,200 da 210, sai 320 da 56. Jimla 1,786. Akwatin na da ɗan jinkiri, amma babu inda lamba za ta ɓuya, shi ya sa ya fi dacewa da mai koyo.

Bayan haka ne za a kawo jerin sama da ƙasa. 7 sau 8, 56: a rubuta 6, a riƙe 5. 4 sau 8, 32, a ƙara 5, 37. Layin farko 376. Layi na biyu a fara da sifili, domin da 30 ake ninkawa ba da 3 ba: 1,410. A tara, 1,786. A nuna wa yaro cewa 376 ita ce 320 da 56 na cikin akwati.

Kurakuran sanannu ne, kuma kowanne na barin sawu. In ka ga 517, an manta sifili, aka tara 376 da 141. In layin farko ya zama 726, yaron ya haɗa 5 da 4 kafin ya ninka, wato 9 sau 8. In na biyu ya zama 1,710, tsohuwar 5 ce ta rage a sama ya sake amfani da ita. A koya masa soke ta da zarar ta gama aiki. Littafi mai gida-gida na hana lambobi karkacewa. Sifilin tsakiya kuwa, kamar 305 sau 24, a ware masa rana: amsar 7,320 ce, kuma yara da yawa kan ce sifili sau 4 huɗu ne.

Dubawa iri biyu ce. Kafin a fara, a ƙiyasta: 50 sau 40, 2,000, don haka 517 ba za ta yiwu ba. Sai gwajin tara (9), wato a yi ta haɗa lambobin da ke cikin kowane adadi har ya koma lamba ɗaya: a 47, 4 da 7, 11, 1 da 1, 2; 38 ma ta koma 2; 2 sau 2, 4; lambobin 1,786 sun ba da 22, wato 4. Sun dace. Amma a lura, 517 ma 4 take bayarwa, domin wannan gwaji ba ya kama sifilin da aka manta. Ƙiyasi ne kaɗai ke kama shi.

Yana da kyau yaran Katsina su ji cewa Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan jera lambobi a gidajen hatimi. Akwati ba baƙo ba ne a nan. Aikin gida kuwa, lissafi 5 a rana da aka duba layi-layi ya isa, biyu da akwati, uku da jeri.