Abin da za a yi idan mura ta tayar da asma

Mura na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da asma, kuma a Legas ƙurar hunturu da hayaƙin janareta da na maganin sauro da ake kunnawa a rufaffen ɗaki suna ƙara tsananta ta.

Da farko a raba mai ciwon da hayaƙi, ko da mai tsire ne a Agege a tsakiyar ciniki, a zaunar da shi ya miƙe bayansa, kada a kwantar da shi.

Sannan a girgiza abin shaƙarsa na salbutamol (maganin da ke buɗe hanyar numfashi), wanda galibi shuɗi ne. Ya fitar da numfashi, ya danna sau ɗaya yana shaƙa a hankali, ya riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10. A maimaita bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har sau 10 idan da buƙata.

Idan magana ta gagare shi, ko leɓɓansa suka sauya launi, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a nufi asibiti nan take, domin cunkoson motoci kan cinye lokaci. Kada a ba shi asfirin saboda murar sai likita ya amince, don yana tayar wa wasu da ciwon.